Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Manyan Makarantun Sakkwato Kan Takardun da Na'ura Ba Ta Iya Karanta wa Makaho

Zuwa ga masu girma shugabannin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, tare da magatakardansu da shugabannin ɗakunan karatunsu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah ya ƙara muku lafiya da basira a kan nauyin da kuke ɗauke da shi, ina rubuto muku ne a matsayina na mai koyar da aikin kwamfuta a cikin garin nan, wanda daga cikin masu zuwa wurinsa akwai makafi da masu raunin gani. Roƙona guda ɗaya ne, kuma bai fi ƙarfin kowane ɗayanku ba: ku kafa ƙa'ida a rubuce cewa duk takardar da za ta fito daga ofis ko daga hannun malami zuwa ga ɗalibai ta waya ko ta kwamfuta, wajibi ne ta kasance rubutu na ainihi wanda manhajar karatu da murya za ta iya karantawa, kada ta kasance hoton rubutu.

Ranku ya daɗe, na'urar da za ta karanta wa makaho takarda ba abu ne da za a jira a yi odarsa daga ƙasar waje ba, domin tana cikin aljihun kusan kowane ɗalibi. Wayoyin Android suna da TalkBack, iPhone tana da VoiceOver tun shekarar 2009, kwamfuta mai aiki da Windows tana da Narrator a cikinta, sannan akwai NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan ƙasar Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka soma ginawa a 2006, suka kuma bar ta kyauta ga duk mai buƙata. Ana iya ɗora ta a kan filas a yi aiki da ita a kowace kwamfuta mai aiki da Windows ba tare da an girka ta ba, abin da ke da matuƙar amfani ga ɗalibin da ba shi da kwamfutar kansa, sai ta ɗakin karatu ko ta shagon buga takardu. JAWS, wata manhaja irinta wadda ta riga ta shahara, ta kuɗi ce, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Hatta Microsoft Word da Edge da Adobe Acrobat Reader, waɗanda ma'aikatanku ke buɗewa kullum, kowace tana da maɓallin da ke sa a karanta shafi da murya. Wanda bai taɓa ganin makaho yana amfani da waya ba zai yi mamaki: zai ga ya kara ta kusa da kunne, yana share fuskarta da yatsa daga hagu zuwa dama, murya tana faɗa masa sunan duk abin da ya taɓa, idan ya iso inda yake so sai ya ƙwanƙwasa sau biyu. Da yawa daga cikinsu suna ƙara wa muryar sauri har ta kai mai ido da ke zaune gefe ba ya tsintar ko kalma ɗaya, su kuwa suna bin kowace jimla.

Inda gizo ke saƙar shi ne takardun da muke ba su. Wata ɗaliba makauniya da ke karatu a wata babbar makaranta ta zo wurina da wayarta ana saura 'yan kwanaki a soma jarrabawa. Wakilin ajinsu ya tura takardar darasi, wadda ɗalibai ke kira handawut, a zauren WhatsApp na ajin, kowa ya sauke yana bita. Ta buɗe a gabana, ta share da yatsa, muryar ta faɗi lambar shafi ta yi shiru; ta wuce shafi na gaba, haka; har ƙarshen takardar babu kalma ɗaya da ta fito. Da na karɓi wayar na duba, sai na ga an ɗauki hoton tsohuwar fotokwafi ne a kan benci, rubutun ya karkace, inuwar hannun mai ɗaukar hoton ta rufe rabin shafi, an haɗa hotunan an mai da su PDF. Ga mai ido, karatu ne, ko da da ƙyar. Ga ita kuwa, daidai yake da a nuna wa mai jin ƙishirwa hoton randa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da ganin irin haruffan an san a kwamfuta aka fara buga wannan takarda, wato akwai asalinta a Word a wani wuri, kuma da shi aka tura, da ta saurari darasinta a daren nan ba tare da ta roƙi kowa ba.

Yawancin masu aikata wannan ba da mugun nufi suke yi ba, ba su san akwai bambanci ba ne. Manhajar karatu ba ta ganin shafi kamar yadda ido ke gani. Abin da take bi shi ne haruffan da ke adane a cikin fayil, ta haɗa su kalmomi, ta miƙa wa injin murya ya furta. Idan sakatare ya buga sanarwa a Word, ya fitar da ita a takarda, aka sa hannu aka buga hatimi, sannan aka yi sikanin aka tura, to haruffan sun ɓace a hanya, abin da ya rage hoto ne kawai. Gane wannan ba ya ɗaukar minti ɗaya: a buɗe takardar a gwada ja wa kalma ɗaya layi da linzamin kwamfuta, ko a nemi wata kalma da aka tabbata tana ciki, idan abin ya ƙi, makaho ba zai iya karanta ta ba. Maganin kuwa shi ne a adana takardar a matsayin PDF kai tsaye daga Word, idan kuma dole sai an ga sa hannu da hatimi, a tura biyun tare. Akwai manhajojin da ke tsinto haruffa daga cikin hoto, irin su Google Lens, kuma ɗalibanmu suna lallaɓawa da su, amma aikinsu ya dogara ne ga kyawun hoton. Fotokwafin da aka yi daga fotokwafi, ko shafin da malami ya yi wa gyara da biro a gefe, yakan fito da kurakuran da makaho ba shi da hanyar gane su, sai ya haddace kuskure ya kai shi ɗakin jarrabawa.

Kada a ɗauka maganar mutum biyu ko uku ake yi. Binciken makanta da raunin gani da aka gudanar a faɗin Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan ɗaya daga cikin 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma idan aka haɗa da masu matsakaici da matsanancin raunin gani adadin ya haura miliyan huɗu, yanar ido ce kan gaba wajen jawo makantar, hawan jinin ido yana biye da ita. Wannan rukunin shekaru shi ne na malamanku da ma'aikatanku da iyayen ɗalibanku. Farfesan da ya shafe rayuwarsa yana karatu, yau kuma ido ya soma gajiya, yana cikin masu amfana. Haka ɗalibin da ke ganin allo dishi-dishi amma kunya ta hana shi faɗa, da wanda idonsa lafiya lau amma haruffa ke rikice masa tun yana ƙarami, aka yi ta kiransa daƙiƙi alhali idan aka karanta masa yana riga kowa ganewa. Ƙarancin makafi a azuzuwanku ma ba hujja ba ce ta cewa babu buƙata, domin yaran da ke fitowa daga makarantar masu buƙata ta musamman ta A. A. Raji da takwarorinta suna jin labarin irin wahalar da ke jiran su daga bakin yayyensu, kuma wasu tun daga nan suke haƙura.

Akwai kuma batun sirri, wanda a ganina ya fi na jarrabawa nauyi. Makahon da ba a ba shi takarda ta hanyar da zai karanta da kansa ba, tilas ne ya nemi mai karanta masa, kuma wannan mai karatu zai san sakamakon jarrabawarsa kafin shi, zai san bashin kuɗin makarantar da ake bin sa, zai san abin da likitan asibitin makaranta ya rubuta a kansa. Abokan karatu suna ƙoƙari, Allah ya saka musu da alheri, amma a makon jarrabawa kowa ta kansa yake yi, kuma babu baligin da ke son ya wuni yana cewa don Allah. Budurwar da dole sai wani ya karanta mata saƙon ofis ta rasa wani abu na mutuncinta wanda sauran 'yan ajinta ba su ma san suna da shi ba.

Doka ma tana tare da wannan roƙo. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2010. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta wajabta wa makarantun gwamnati tun daga firamare har zuwa manyan makarantu su kasance masu karɓar kowa da sauƙaƙa wa kowa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati ga masu nakasa, wanda ke nufin sanarwar ofis ma dole ta zama abar karantawa ga ma'aikaci makaho. Yawancin abin da ake tattaunawa a kan wannan doka shi ne gangaren hawa ga masu keken guragu, kuma yana da muhimmanci, sai dai shi yana buƙatar siminti da kwangila, gyaran takarda kuwa umarni kawai yake buƙata.

Na san abin da wasu malamai za su ce, domin na sha ji: idan suka saki asalin rubutunsu, za a kwafe a sayar ko a ɗora wani suna a kai. Ban raina wannan damuwa ba, gumin mutum gumin mutum ne. Amma hoton takarda bai taɓa hana kwafa ba, ana tura shi daga waya zuwa waya cikin daƙiƙa, masu shagon fotokwafi kuma suna buga shi yadda suka ga dama. Wanda kawai yake hanawa shi ne makaho. Game da littattafan da wasu suka wallafa kuwa, Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Marakesh ta 2013, wadda ke sauƙaƙa wa makafi samun littattafai, a shekarar 2017, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba da damar a mayar da littafi zuwa sigar da makafi za su iya amfani da ita ba tare da an jira izinin mai littafin ba, matuƙar ba don riba aka yi ba kuma su kaɗai za a ba. Saboda haka ɗakin karatu irin na Abdullahi Fodiyo yana da hurumin ya ware tebur ɗaya da na'urar sikanin mai kyau da ma'aikaci ɗaya, ɗalibi ya kawo sunan babin da aka ce a karanta, a tsinto haruffan, mai ido ya bi ya gyara kurakurai, a ajiye domin wanda zai zo baɗi kada a sake aikin.

Duk abin da na faɗa zuwa nan ya fi tafiya daidai ne idan takardar da Turanci take, kuma Larabci ma yana da muryoyi masu kyau a waɗannan na'urori. Da an zo kan Hausa sai labari ya sha bamban, kuma a nan ne nake ganin Sakkwato tana da aikin da ya wuce gyaran ofis. Matsala ta farko ta haruffa masu lanƙwasa ce. Shekaru da dama ana buga kundaye da maƙalu na Hausa da wasu tsofaffin nau'o'in haruffan kwamfuta da aka ƙirƙira lokacin da babu wata hanya, kuma sun yi mana rana a zamaninsu. Dabararsu ita ce a ari maɓallin wata alama, kamar baka ko wata 'yar lanƙwasa, a sa ta riƙa bayyana a fuskar kwamfuta da siffar ƙ ko ɗ ko ɓ. Ido yana ganin harafi, amma abin da ke adane a fayil alamar ce, shi ya sa idan aka buɗe irin wannan rubutu a waya sai a ga baka a farkon kalmomi irin su "ƙasa" da "ɗaya". Manhajar karatu kuwa sunan alamar za ta faɗa da Turanci a tsakiyar kowace kalma, ko ta tsallake ta gaba ɗaya. Yau tsarin Unicode, wato tsarin haruffa na bai-ɗaya da kwamfutoci da wayoyi ke ganewa, yana da waɗannan haruffa duka, allon rubutun Hausa yana cikin wayoyi, kuma mayar da tsohon kundi zuwa sabon tsari aikin musanya alamomi kaɗan ne a Word. Ya kamata makarantun nazarin gaba da digiri su daina karɓar kundin da ba a buga da Unicode ba.

Matsala ta biyu ta murya ce. Ɗaliban da nake koyarwa suna sauraren rubutun Hausa da muryar da aka gina domin Turanci, wadda ke tauna kalmominmu yadda sai wanda ya daɗe yana fama da ita yake iya cankar abin da ake nufi. Gina muryar Hausa mai kyau kuma yana da wahalarsa ta musamman, saboda rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Mai karatu ya san ko gari na zama ake nufi ko na tuwo, ko fari na launi ko na rashin ruwan sama, daga abin da ke kewaye da kalmar. Injin kuwa sai an ciyar da shi da dubban jimloli da ƙwararren mai karatu ya furta daidai kafin ya koyi wannan. An fara aikin a wasu wurare. A 2023 kamfanin Meta ya fitar da muryoyin na'ura na harsuna fiye da 1,100, har da Hausa, kuma mafi yawan sautin da aka koyar da su da shi daga karatun littattafan addinin Kirista aka samo shi, domin shi ne aka tarar an naɗa a tsare cikin harsuna masu yawa. Gidauniyar Mozilla ma tana tara muryoyin masu sa kai na Hausa a shirinta na Common Voice. Wannan ya nuna abin mai yiwuwa ne, ya kuma nuna cewa abin da ya yi ƙaranci shi ne sautin Hausa mai tsabta wanda aka daidaita da rubutunsa, a kan batutuwan makaranta da lafiya da noma da shari'a.

Wa ya fi ku cancantar samar da shi? Kuna da masana harshe da suka ƙare rayuwarsu a kan tsarin sautin Hausa, kuna da sassan kimiyyar kwamfuta cike da matasa masu neman abin da za su yi bincike a kai, ga kuma gogaggun masu karanta labarai a gidan Rediyon Rima da ɗakunan naɗar sauti. Abin da ya rage shi ne a haɗa su a tebur ɗaya, a biya masu muryar haƙƙinsu, a rubuta yarjejeniyar abin da za a yi da muryar da wanda ba za a yi ba, sannan a saki sakamakon yadda za a iya ɗora shi a kan NVDA da wayoyin Android ya yi aiki ba tare da intanet ba, domin kun san halin data da wutar lantarki a ɗakunan kwanan ɗalibai. Ina kuma roƙon kada a tsaya ga daidaitacciyar Hausa kaɗai. Waƙoƙi da labarai da hirarrakin da ɗalibanku ke nazari cike suke da kalmomi irin su "mun ka" da "wanga" da "macce", kuma idan ba a nan aka koya wa injin furta Sakkwatanci ba, ban ga inda za a koya masa ba. Ranar da aka samu wannan murya, amfaninta zai tsallake katangar makaranta, ya kai ga manomin albasa a Wurno ko Goronyo da ɗan kasuwar Illela, waɗanda ke da waya a hannu kuma suna jin Hausa sarai, amma karatun boko bai zauna musu ba.

Isar da ilimi ta kunne ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara karatunta cikin waƙe, ta naɗa jajoji suna ɗaukarsa zuwa ƙauyuka suna rera wa 'yan taru, domin ta san matan da take son karantarwa da yawansu ba za su riƙe takarda su karanta ba. Zaurukanmu sun yaye makafi mahaddata Alƙur'ani da malaman fiƙihu waɗanda da kunne suka ɗauki karatunsu kaf, kuma kowane ɗalibin Islamiyya ya san a kan wa aka saukar da farkon Suratu Abasa. Abin takaici ne a ce makahon da ya samu gurbi a zaure shekaru ɗari biyu da suka wuce, jikansa ya rasa shi a aji saboda yadda aka adana fayil.

Ba na cewa murya za ta maye gurbin rubutun makafi na Braille. Wanda ya dogara ga sauraro kaɗai yakan yi rauni a ƙa'idar rubutu, lissafi da jadawali masu sarƙaƙiya kuma sun fi zama a ƙarƙashin yatsa. Haka nan takarda tana iya zama rubutu na ainihi amma ta wahalar, idan ba a sa kanun babi ta hanyar da manhaja za ta gane ta yi tsalle zuwa gare su ba, ko aka saka zane ba tare da jimla ɗaya da ke bayanin abin da ke cikinsa ba. Waɗannan abubuwa ne da za a koya wa sakatarori da malamai a bita ta yini guda. Shafukan rajista da biyan kuɗi su ma suna buƙatar dubawa, musamman inda ake cewa mutum ya kwafi haruffan da ke cikin wani hoto kafin ya wuce, da maɓallan da ba su da suna. Jarrabawar kwamfuta kuwa, hukumar JAMB ta kafa kwamiti na musamman tun 2017 domin shirya wa makafi jarrabawar shiga manyan makarantu, saboda haka bai dace ɗalibin da ya tsallake wannan mataki ya iso wurinku ya tarar da kwamfutar jarrabawa da ba ta magana ba.

Ina roƙon majalisun makarantunku su fitar da wannan ƙa'ida kafin zangon karatu mai zuwa, a ɗora NVDA a kan kwamfutocin ɗakunan karatu da na jarrabawa tare da abin sauraro na kunne, a kuma ayyana ofishi ɗaya da ɗalibi zai kai ƙara idan aka ba shi takardar da ba ta karantuwa, da wa'adin kwanakin da za a gyara masa. Kafin a rubuta ƙa'idar, a kira ɗalibai makafi da ke makarantunku da shugabannin ƙungiyarsu, a ba su shafin rajista da takardun darasi guda biyar daga sassa daban-daban, su gwada da wayoyinsu a gaban majalisa, kowa ya ji da kunnensa abin da muryar za ta faɗa.

Allah ya taimake ku, ya sa ku gama lafiya. Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Malamin koyar da kwamfuta, Sakkwato.